Auna karkacewar hatimi a jikin tsabar kuɗi

Ka ce bayan tsabar nan kamar ya karkace, kana son sanin ko da gaske ne ko idonka ne, kuma da me za ka auna. To zauna, ɗana.

Ƙarfe biyu ne ke buga tsaba lokaci guda, hatimin fuska da na baya. In ɗaya ya yi sako-sako a mazauninsa cikin injin, sai ya juya, duk abin da ya buga daga nan bayansa a kauce zai fito. Amma kafin ka ce ya kauce, san yadda masu ita suka tsara ta. Tsabar Amurka sai ka kifa ta daga sama zuwa ƙasa bayanta ke tsayawa daidai. Yuro da tsabar Ingila ta yanzu kuwa ta gefe ake juya su, kamar shafin littafi. Na sha ganin mai murnar ya samu karkacewar digiri 180, ashe juyin ne bai iya ba.

Kayan awon ba sai ka saya ba. Sami kwali mai kauri, ka huda rami daidai faɗin tsabar, ta shiga ta zauna daram. Ka soka allura a sama da ƙasan ramin, ka ja layi tsakanin hujin biyu a kowane gefen kwalin. Allurar nan ita ce asirin aikin: da ita layin gaba da na baya ke zama ɗaya. In suka saɓa da digiri 5, duk awonka ya tashi a banza. Saka tsabar, ka daidaita fuskarta da layin, ka matse ta da roba garai-garai gaba da baya don kada ta motsa. Sai ka juya kwalin yadda ake juya irin tsabar, ka ɗora ma'aunin kusurwa irin na 'yan makaranta a tsakiyarta, ka karanta digiri nawa bayan ya kauce wa layin. Maimaita sau uku, kana cire ta kana mayarwa, domin hannu ya fi hatimi yawan kuskure.

Rubuta digirin da ɓangaren da ya karkata, dama ko hagu. Masu tara tsofaffin tsaba kuwa da fuskar agogo suke lissafi, kowace awa digiri 30.

Ni abin da bai kai digiri 15 ba ba ya tayar mini da hankali. In kuwa ka ga 90 ko fiye, duba bakin tsabar da gilashin ƙara girma, ka ɗora ta a sikeli, don akwai masu rarake tsaba biyu su haɗa su zama ɗaya ta jabu. Miƙo min allurar can mu gwada taka.