Tambayi Likita: Ɗaya ba ta cin nama, ɗaya ba ya cin tuwo

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyarmu za ta cika shekara 70, za mu haɗa mata 'yar walima a gida. Ƙanwata da ke karatu a Ingila ta dawo wai ita vegan ce, yayanmu kuma ya rungumi wani tsari wai paleo. Me zan girka, kuma wanne ya fi lafiya? (Wata mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ƙanwarki ba za ta taɓa duk abin da ya fito daga jikin dabba ba: nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, har zuma. A Ingilar aka ƙirƙiro kalmar vegan a 1944. Yayanki kuwa so yake ya ci irin cimar mutanen da, tun kafin a fara noma shekaru dubu goma da 'yan kai da suka wuce. Zai ci nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa, amma ban da hatsi, wake, gyaɗa, madara da sukari.

Kin ga ke nan alale, awara, ɗanwake da tuwo da miyar kuka marar nama na ƙanwarki ne. Shi a ba shi farfesun kaza ko gasasshen kifi. Sai dai ki tuna masa cewa yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kilishi kuma a cikin labun gyaɗa ake tsoma shi, daddawa ma 'yar uwar wake ce. In da gaske yake, duk sun haramta gare shi. Inda za su haɗu a faranti ɗaya shi ne dafaffen dankalin Hausa, kankana, gwanda, da kunun aya da aka zaƙaƙa da dabino.

Wanne ya fi? Ni ban ba kowa gaskiya duka ba. Paleo ya kori lemon kwalba da kayan ƙwalam, kuma yawancin amfanin da masu binsa suke gani daga nan yake. Amma korar wake da gero daga tukunya ba ta da hujja mai ƙarfi a likitance. Wake na cikin abincin da nake roƙon marasa lafiya su ƙara ci.

Tambaya: Na bar cin nama, ƙwai da madara shekara biyu ke nan, yanzu ina da juna biyu. Akwai matsala? (Daga Abuja)

Amsa: Akwai, in ba kya shan bitamin B12. Ba a samunsa a tsirrai yadda zai wadatar, komai yawan zogalen da kika ci. Hanta kan ajiye na 'yan shekaru, shi ya sa mutum ke jin garau har sai ma'ajiyar ta ƙare, sannan a fara ganin kasala, ƙarancin jini da dindiris a ƙafafu. Ga jariri abin ya fi muni, don yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ki faɗa musu a wajen awo tun zuwan farko, a auna jininki, a haɗa miki B12 da maganin ƙarin jini. Ki riƙa shan lemon zaƙi bayan cin wake, ki nisanta shayi daga lokacin abinci, domin shayin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Tambaya: Ina da ciwon suga da hawan jini. Wani abokina ya ce in koma paleo, in ci nama iya cikina. (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi rabi. Rage tuwo da shinkafa kan sauke suga, amma in kana allurar insulin ko shan maganin suga irin su glibenclamide, yankewa farat ɗaya na iya faɗar da sugan har ka suma. A fara gyara maka magani tukuna. A duba ƙodarka ma, don ƙodar da ta fara gajiya ba ta son lodin nama. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin ɗunkule da yajin balangu.