Kan zaɓen Thuso Mbedu a matsayin Zélie

Malama, kin tambaya ko bai wa jaruma Thuso Mbedu, 'yar Afirka ta Kudu, matsayin Zélie, babbar jarumar labarin, zai ɓata fim ɗin Children of Blood and Bone, tunda labarin ya ginu a kan al'adun Yarabawa. A ganina ba zai ɓata shi ba, domin daraktar, Gina Prince-Bythewood, ta riga ta yi aiki da ita a The Woman King na 2022, kuma ta san iyawarta.

Sharaɗina ɗaya shi ne lafazi, domin kalmomin tsafin da ke littafin da aka ɗauko labarin fim ɗin daga cikinsa, da Yarabanci aka rubuta su. Na taɓa kallon wani fim tare da maƙwabciyarmu Bayarabiya a Tudun Wada, jarumin ya karkata sunan garinsu, nan take ta ɗaure fuska, har aka gama hankalinta bai koma kan labarin ba.