Amsa: Shin bin Tao na nufin mutum ya rasa matsaya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko masu bin Tao, wata tsohuwar falsafar ƙasar Sin, da suke cewa kada a ƙanƙame ra'ayi suna nufin mutum ya zauna ba matsaya. A fahimtata, ba haka ba ne.

Duba zamanin da Zhuangzi, ɗaya daga cikin manyan malaman Tao, ya rayu, ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da ƙasar Sin ta rarrabu, masarautu suna ta yaƙar juna. Almajiran Confucius da na Mozi, wasu manyan malaman falsafa biyu na Sin, kullum cikin musu suke, abin da wannan ya halatta wancan ya ƙaryata. Sai Zhuangzi ya yi tambayar da har yau take taɓa ni: in mun yi gardama ka ka da ni, shi ke nan kai ke da gaskiya? Wa zai raba mu? Wanda ra'ayinsa ya zo ɗaya da naka ai ya riga ya karkata, haka ma mai goyon bayana.

Ya kuma kawo labarin mai kiwon birai. Ya ce musu rabonsu na 'ya'yan itace uku ne da safe, huɗu da yamma, suka harzuƙa. Ya ce to, huɗu da safe, uku da yamma, suka hau murna. Bakwai ɗin dai ce. Lura da kyau, mai kiwon bai ɓata lissafinsa ba, ja-in-jar da ba ta da amfani ce ya ƙi shiga. Wannan Zhuangzi ya kira tafiya a kan hanya biyu.

Inda nake ganin koyarwar ta yi rauni shi ne batun zalunci. A nan dole a ce wane ya yi laifi, wane aka cuta.