Amsa: Ƙanina ya gama JSS3 ya ce shi ya gama boko

Salam ɗan uwa. Ka ce ƙaninka ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yanzu ya kafe shi sai tuƙin adaidaita, kana tambaya ko doka za ta tilasta shi ya ci gaba. To gaskiya a'a, dokar UBE (ta ilimin bai-ɗaya) ta 2004 shekara 9 kawai ta wajabta, 6 a firamare 3 a ƙaramar sakandare, daga nan kuma sai lallashi.

Amma dan Allah kar ka bari ya zauna haka, yaro ɗan sha biyar in ya ɗanɗana kuɗin hannu wallahi dawo da shi aji sai an sha fama. Ka zaunar da shi ka ji me ya kore shi, wani karatun ne baya shiga, wani kuma kuɗin tara ne babu, kunya ta hana shi faɗa. In mai son aikin hannu ne ka nema masa kwalejin fasaha, ya koyi wayarin ko walda ko kanikanci ya fito da takardar NABTEB (hukumar jarrabawar makarantun fasaha), da ita ma ana neman shiga poli. Nawa ƙanin haka mukai masa, safe makaranta yamma gareji wajen ogansa, Alhamdulillah yanzu yana aji biyar.