Tambaya da Amsa: Sayen Tsohuwar Kyamara Mai Yawan Megafiksel

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne, kuma na daɗe ina aiki da kyamara mai ƙaramar sensa mai megafiksel 24, wato ɗigogi miliyan 24 a kowane hoto. Yanzu an yi mini tayin kyamarori biyu masu cikakkiyar sensa waɗanda aka riga aka yi amfani da su, wato Nikon D850 da Sony A7R II. Mai D850 ya ce ta ɗauki hotuna kimanin 120,000, abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Shin wannan adadi bai yi yawa ba? Me ya kamata in duba kafin in biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Adadin da aka faɗa maka yana nuna sau nawa labulen kyamarar, wato murfin cikinta da ke buɗewa haske ya shiga duk lokacin da aka ɗauki hoto, ya buɗe ya rufe, kuma kamfanin Nikon ya ce ya gwada labulen D850 har sau 200,000, yayin da Sony ya ba A7R II adadin 500,000, Canon kuwa ya ba 5DS ɗinsa 150,000. Wannan lissafi kamar kilomitar mota ne: yana gaya maka irin tafiyar da aka yi, amma ba ya gaya maka yadda aka riƙe abin. Akwai labulen da ke wuce adadinsa da nisa, akwai wanda ke mutuwa tun bai kai rabi ba, kuma ko ya mutu ana iya canza shi a wurin masu gyara. Saboda haka 120,000 dalili ne na neman ragi a ciniki, bai kai ya hana saye ba. Sai dai kada ka tsaya ga maganar mai kaya. Ka ɗauki hoto ɗaya da hannunka, domin Nikon yana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, kuma akwai manhajojin kyauta da ke karanta shi.

Abin da ya fi labule muhimmanci shi ne sensa, wannan faranti da ke karɓar haske a cikin kyamara, wanda ake kira cikakkiyar sensa idan yana da faɗin milimita 36 da tsayin 24, domin idan ta lalace, gyaranta na iya kusantar kuɗin kyamarar gaba ɗaya. Ka matse ƙofar haske, wato kafar da haske ke bi a cikin lensi, zuwa f/16 ko f/22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama ba tare da ka saita fokos ba, sannan ka buɗe hoton a kwamfuta ka zuƙo shi sosai. Ɗigo-ɗigo masu duhu ƙura ce, kuma ana share ta cikin sauƙi. Dogon layi siriri wanda ba ya gushewa bayan sharewa kuwa yana nufin wani ya karce gilashin da ke saman sensar garin gogewa, kuma a nan sai ka ajiye ta ka nemi wata. Daga nan ka rufe bakin lensi da murfinsa, ka ɗauki hoto na daƙiƙa goma ko fiye, ka duba baƙin hoton da ya fito. Ɗigo ja ko shuɗi guda biyu ko uku ba abin damuwa ba ne a cikin miliyoyin ɗigogi, amma layin haske da ya ratsa hoton daga sama zuwa ƙasa alama ce ta babbar matsala.

Sauran dubawar ta ido da hannu ce. Ka leƙa ramin batir da na katin ajiya ka ga ko akwai tsatsa ko farin gari-gari, wanda ke nuna ruwa ko danshi ya taɓa shiga. Ka duba kawunan ƙananan sukurori, domin idan sun ci, to an taɓa buɗe kyamarar. Ka murɗa kowane maɓalli, ka gwada ramukan kati biyu na D850, na XQD da na SD, kowanne shi kaɗai. Ka kuma tabbatar lambar siriyal da ke jikinta ba a kankare ta ba, ka nemi rasit ko kwalin asali, saboda kayan hoto suna cikin abubuwan da ɓarayi suka fi so. Idan ta intanet za ka saya, kada ka yarda da cinikin biri a sama. Ka sayi daga wanda ya amince a rubuce cewa za ka iya mayar da ita cikin wasu kwanaki.

Game da zaɓi tsakanin biyun, D850 ta fito a 2017 da megafiksel 45.7, A7R II kuwa a 2015 da megafiksel 42.4, kuma wannan bambanci ba wanda ido zai gani ba ne. Bambancin gaskiya yana wajen aiki. D850 mai madubi ce, wato tana da madubi a ciki da ke nuna maka hoton a ramin leƙe, tana da nauyi, amma batirinta a gwajin hukuma yana kai hotuna 1,840. A7R II marar madubi ce, ba ta da nauyi, tana da na'urar hana girgiza a cikin jikinta, amma ƙaramin batirinta ba ya wuce hotuna ɗari uku da 'yan kai, kuma ramin kati ɗaya gare ta. Ga wanda ke ɗaukar taron da ba a maimaitawa, ni D850 zan zaɓa, domin tana iya rubuta kowane hoto a kan kati biyu lokaci ɗaya. Idan kuma zuciyarka ta karkata ga Sony, gara ka ƙara haƙuri ka nemi A7R III ta 2017, wadda aka ba babban batir da ramukan kati biyu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, alhali shi ne ya fi cin kuɗi. Tun da Nikon da Canon suka koma ga kyamarori marasa madubi masu cikakkiyar sensa a 2018, tsofaffin masu madubi suka yi araha, har mutum ya ɗauka ya yi tsintuwa. Amma jikin kyamara shi ne mafi sauƙin abin da za ka saya. Lensin da kake amfani da shi a kan ƙaramar sensa, idan na DX ne, wato wanda Nikon ya yi domin ƙaramar sensa, ba ya haskaka cikakkiyar sensa har gefe-gefe, kuma idan ka ɗaura shi a kan D850 za ta datse hoton ya koma kimanin megafiksel 19, ƙasa da abin da tsohuwar kyamararka take ba ka. Ko a cikin lensunan cikakkiyar sensa ma, mai rauni ba ya ɓuya a gaban megafiksel 45. Shawarata ita ce ka fara da lensi guda marar zuƙowa, kamar 50mm ko 85mm mai f/1.8, waɗanda ba su da tsada kuma suna da kaifi, ka kuma haska tocila a cikinsa kafin ka saya domin ka ga ko fumfuna ta yi saƙa a jikin gilashin.

Tambaya: Malam, na sayi Canon 5DS R a hannun wani, amma idan na zuƙo hotunan sai in ga sun yi dishi-dishi fiye da na tsohuwar kyamarata. Ko an sayar mini da mai lahani ne?

Amsa: 'Yar'uwa, zai yi wuya laifin kyamarar ne. Ita 5DS R, wadda ta fito a 2015, megafiksel 50.6 gare ta, kuma idan kika zuƙo hotonta har iyaka, kina kallon ɗan ƙaramin yanki ne da aka faɗaɗa fiye da yadda kika saba, don haka rawar hannun da a da ba ta fitowa yanzu ta bayyana. Tsohuwar ƙa'idar da ta ce a yi amfani da saurin labule 1/50 ga lensi mai 50mm ta yi kaɗan a nan. Ki ninka saurin sau biyu ko uku, wato 1/100 ko 1/150, musamman da yake jikin wannan kyamara ba shi da na'urar hana girgiza. Haka kuma matse ƙofar haske fiye da f/11 yana rage kaifi, saboda haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙuntatacciyar kafa, kuma yawancin lensuna sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8.

Hanyar gane gaskiya ita ce ki ɗora ta a kan sanda mai ƙafa uku, ki kafa shafin jarida a bango, ki ɗauki hoto ɗaya kina saita fokos ta allon baya, ɗaya kuma ta ramin leƙe, dukansu da agogon jinkiri domin kada yatsa ya motsa ta. Idan na allon baya ya fito tar, na ramin leƙe kuma ya yi laushi, to saitin fokos ne ya ɗan goce, kuma a cikin jerin saitunan kyamarar akwai wurin daidaita shi ga kowane lensi. Idan dukansu sun yi laushi, ki ari wani lensi ki sake gwadawa kafin ki koma wa wanda ya sayar miki.

Tambaya: Ni a intanet kawai nake saka hotunana. Shin ina bukatar megafiksel 61 na Sony A7R IV?

Amsa: A gaskiya ba ka bukata, ɗan'uwa. Allon 4K gaba ɗayansa kimanin megafiksel 8 ne, shafukan sada zumunta kuwa suna ƙanƙance hoto ƙasa da haka. Yawan megafiksel yana amfanar mai wanke manyan hotuna, domin na D850 yana kai kusan santimita 70 a faɗi ba tare da ya rasa kaifi ba, da kuma mai ɗaukar tsuntsaye ko wasanni daga nesa wanda ke yanke hoto bayan ɗauka. Kuma ka sani cewa ɗanyen hoto guda na A7R IV, wato hoto kamar yadda sensa ta ɗauka kafin a sarrafa shi, idan ba a matse shi ba yana kai kimanin megabait 120, wanda ke nufin hotuna dubu za su cinye fiye da gigabait ɗari, ga tsohuwar kwamfuta za ta riƙa jan ƙafa wajen buɗe kowanne. Kyamara mai cikakkiyar sensa da megafiksel 24, irin su Nikon D750 ko Sony A7 III, ta wadatar da aikinka, kuma rarar kuɗin za ta saya maka lensi mai kyau da rumbun ajiya na biyu.