Ɗana ba ya zuwa aike sai an biya shi, ya zan yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce daga Gusau, ɗiyana ukku, babban shekara 8, mai bi mai mace shekara 5, sai na goye. Wallahi babban ne ya ishe ni. Tun yana ƙarami na saba mai in ya yi aike ko ya share tsakar gida in ba shi naira hamsin ko biskit, to yanzu abun ya bi mai jiki, ko gishiri na ce ya sawo min shagon bakin layi sai ya ce "Mama nawa za ki ban?" Jiya hadda cewa wai sai ɗari biyu don hamsin ba ta sayen komai yanzu. Babansu ya ce ni na ɓata shi, bulala ce maganinshi. Ita kuma ƙanwar in munka je kasuwa ta fara birgima ba ta shiru sai na saya mata alawa. Don Allah in daina ba su kyautar ne gaba ɗaya ko ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumussalam Maman yara, Allah ya raya mana su. Sai da na yi dariya da na zo wurin "hamsin ba ta sayen komai", ai yaron nan bai yi ƙarya ba, kuma duk wanda ya iya wannan lissafin a shekara 8 kanshi na ja. To amsar a taƙaice, kar ki daina kyauta kuma kar a ɗauko bulala, cinikin ne za ki daina.

Bari in fara da ƙaramar don nata ya fi sauƙi. Duk halin da yaro ya yi wani abu mai daɗi ya biyo baya nan take, to zai maimaita shi, ko halin kirki ne ko na banza. Ke a ganinki kin sayi alawa ne don ta yi shiru, ita kuma abin da ta koya shi ne birgima na kawo alawa, kin ga kenan kukan kike biya. Gyaran shi ne magana ta riga kuka. Tun kan ku fita gida ki durƙusa daidai tsawonta ki ce mata yau za mu kasuwa, in kin riƙe min hannu har muka gama ba rigima, a hanyar dawowa za ki zaɓi abu ɗaya. In ta yi birgima babu, ko da masu tumatir duk sun zubo miki ido suna "haba Hajiya saya mata mana". Kunyar mutanen nan ita ke kayar da yawancin iyaye mata a kasuwa, ki daure.

Shi kuma yayan, abin da ya same shi masana sun daɗe da gano shi. A 1973 wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka, Mark Lepper da abokan aikinshi, sun zaɓi yara 'yan shekara 3 zuwa 5 waɗanda dama can suna son zane da alƙaluman kala ba wanda ya sa su. Suka raba su kashi uku, wasu aka ce musu in kun yi zane za a ba ku satifiket mai ado, wasu aka ba su satifiket ɗin ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kamar sati biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji aka zuba ido, sai ga shi waɗanda aka yi wa alƙawari tun farko lokacin da suke ɗauka suna zanen ya koma kusan rabin na sauran. Su kuwa masu kyautar ba-zata sha'awarsu na nan yadda take. Wato alƙawarin ne ya canza musu tunani, daga "ina yi don ina so" ya koma "ina yi don a biya ni", kuma ma'aikaci in ba albashi ai zama yake. Ɗanki ya ɗauki kanshi ma'aikacinki, shi ya sa yake neman ƙarin albashi.

Ki samu lokacin da ba faɗa, misali bayan isha'i an ci tuwo, ki zaunar da shi gaban babanshi. Ki ce mai kai yanzu ka girma, kai ne babban wa a gidan nan, aike da shara da kwashe kwanoni aikin 'yan gida ne, ni ma ba wanda ke biyana in na dafa maka abinci. Daga gobe babu kuɗin aike. Amma ki bar mai wata ƙofa, aikin da dama in ba shi ba wani za ku biya, kamar wanke mashin ɗin babanshi ran Asabar, wannan a yi mai farashi a biya shi ba laifi, ya dinga sakawa a asusu har salla. Kuɗin taranshi na makaranta kuma kar ki haɗa shi da wannan maganar ko kaɗan, haƙƙinshi ne.

Sai ki shirya, don kwanakin farko abun zai ƙara muni kafin ya gyaru. Zai kumbura baki, zai yi kamar bai ji ba, zai ja ƙafa. Haka duk yara ke yi in abin da suka saba samu ya tsaya, ƙara matsawa suke su gani ko za ki karaya, kuma in kika karaya rana ɗaya kika miƙa ɗari biyun to kin koya mai cewa naci na biya, gobe nacin zai fi na yau. A maimakon kuɗi ki jera mai abubuwa, "in ka dawo daga aiken sai ka tafi ƙwallo", "in ka gama hadda sai in ba ka waya ka kalli katun". Abin da dama zai samu ne, kin dai sa shi bayan aikin.

Inda na fi son ki sa ƙarfi shi ne yabo, don mu iyaye bakinmu ya fi saurin buɗewa in yaro ya yi laifi, in ya yi daidai kuma shiru kamar ba mu gani ba. Kuma ba "yaron kirki" kawai ba, ki faɗi abin da ya yi, "na ga ka dawo min da canjina cif ban ma tambaya ba, Allah ya yi maka albarka", ki shafa kanshi, da dare ki ba babanshi labari yana ji. Ran da kika ga dama, ba kullum ba kuma ba tare da kin sanar ba, ki dawo mai da tsire ko ki ce yau kai za ka raka Baba kasuwar Tudun Wada. Irin wannan tukuicin ba ya ɓata yaro.

Kyautar da ake alƙawari tana da nata wurin, wajen koyar da sabon abu mai wuya, kamar tashi asuba ko goge baki da dare. Ki samu kwalba, duk ran da ya yi ya jefa ƙwallon dabino ɗaya da hannunshi, in sun kai biyar ya samu abin da kuka yi yarjejeniya. Abu ɗaya a lokaci guda, kuma wanda ya riga ya shiga kwalba ba a cire shi don ya yi wani laifin daban. In halin ya zauna sai ki janye a hankali, kamar keken katako na koyon tafiya ne, yaro na miƙewa ake jingine shi.

Amma duk abin da kika ce za ki ba da ki ba da. Akwai hadisin Abdullahi ɗan Amir a Abu Dawud, yana yaro mahaifiyarshi ta kira shi ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi ta ce dabino, ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Wannan "yi shiru zan sawo maka jirgi" da muke yi shi ke sa yara neman a biya su a hannu tun kan su tashi. Kuma ki kula da adalci, in kwalba ɗaya ta yayan ce to ita ma ƙanwar a yi mata tata daidai ƙarfinta, kar ki haɗa su gasa don kullum babban zai ci.

Maganar bulala kuwa, ki lallaɓa Baban yara cikin ladabi, ba gaban yaran ba. Duka zai sa ya tashi aiken a lokacin, amma ran da baban ba ya gida kin koma gidan jiya, ga tsoro da ɓoye laifi da zai ƙaru. Ki roƙe shi ya ba ki wata ɗaya ku gwada wannan tare, bakinku ɗaya, kar ke ki hana shi kuma ya zaro daga aljihu. In akwai kaka a kusa mai ba su 'yan canji, ki bar ta, tsakanin kaka da jika ba a shiga, ki dai roƙe ta kar ta ba shi a daidai lokacin da ya ƙi aikenki.