Zoben zubi da zoben ƙira

Ɗana, tambayoyi biyu ka haɗe wuri guda. Ka ce ga zobba biyu, zinariyarsu ɗaya karat 22, nauyinsu ɗaya a sikeli, wannan an zuba shi a mazubi, wancan an ƙera shi da hannu. Mai saye ba ya iya bambance su, amma da zarar ya ji ɗaya aikin hannu ne sai ya ƙara kuɗi da daɗin rai. Me ya sa? Sannan ka ce tunda zinariyar ba ta canza ba, wa aka cuta in an ce masa na zubin ma na hannu ne? Ta biyun ce ta fi damuna, amma sai mun bi ta farkon kafin mu iso gare ta.

Ka tuna yadda muke gwada zinariyar da aka kawo mana. Ka goga ta a baƙin dutse ta bar layi, ka goga allurar gwaji a gefe ta bar nata, ka ɗiga ruwan asid a kansu, ka sunkuya ka zuba ido. Layin da ya dushe ya ɓace, gami ya yi masa yawa. Wanda ya tsaya da haskensa, ya kai. Duk da haka labarin fatar waje kaɗai dutsen ya ba ka. In an yi wa tagulla ruwan gwal mai kauri za ta tsallake wannan gwajin lafiya lau, sai ka sa magagari ka ɗan yanka ciki kafin asirinta ya tonu. Sikeli ma ba ya wadatarwa shi kaɗai. Zinariya tsantsa ta fi ruwa nauyi sau 19.3, akwai kuma wani ƙarfe, tangstin, da nauyinsa ya yi kusan daidai da nata, shi ya sa masu algus suke cusa shi a cikin sandar zinariya. To mu ke nan masu dutse da asid da magagari. Shi mai saye da ya shigo hannu rabbana, da me zai auna? Abu biyu kawai yake da su: labarin kayan, da mutumin da ke ba shi labarin.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada ƙarfin labarin nan. A 2004 wani masani a Amurka, Justin Kruger, da abokan aikinsa suka ba mutane rubutacciyar waƙa guda su karanta. Wasu aka ce musu marubucin sa'a 4 ya yi a kanta, wasu aka ce sa'a 18. Waƙa ɗaya ce, ko harafi ba a sauya ba, amma waɗanda suka ji sa'a 18 suka ce ta fi kyau, suka kuma yi mata kuɗi sama da na wancan ɓangaren. Gwajinsu da ya fi shafarmu shi ne wanda suka yi da aikin maƙera. Sun nuna wa mutane hotunan sulke da makaman zamanin dā, wasu hotunan tangaran, wasu dishi-dishi. Inda hoton ya yi dishi-dishi, nan ne mutane suka fi jingina da yawan lokacin da aka ce maƙerin ya ɓata. Duk sa'ad da ido ya gaza, kunne ne ke yanke hukunci. Mai sayen zobenka kuwa kullum a gaban hoto mai dishi-dishi yake.

Ba wahala kaɗai mutum yake biya ba, har da taɓawar hannu. George Newman da Paul Bloom na Jami'ar Yale sun tambayi mutane nawa za su ba da a kan rigar sanyin da wani shahararre da suke ƙauna ya taɓa sawa. Da aka ce za a wanke ta tas kafin a ba su, sai suka rage kuɗin. A ransu wani abu na mai rigar ya maƙale a jikinta, wanki kuma zai tafi da shi.

Kada ka ɗauki wannan wauta ce, don ni ban ɗauke ta wauta ba. Mace za ta kawo maka ɗan kunnen mahaifiyarta da ta rasu, ya lanƙwashe, maƙalinsa ya karye. Ka ce mata ga sabo dal mai irin nauyinsa ta ɗauka a madadinsa, ka ga irin kallon da za ta yi maka. Ta fi ka gaskiya. Abin da ya ratsa ta kan wani kaya, hannun da ya yi shi da kunnen da ya ɗauke shi, wani ɓangare ne na kayan, ko da sikeli ba ya nuna shi. Wanda ya ƙara kuɗi a kan zoben ƙira yana sayen yinin da wani ya yi a gaban wuta yana bugu yana gasawa yana sake bugu. Abu ne da ya faru da gaske, yana kuma da haƙƙin ya so shi.

Sai dai inda darajar take, nan ɓarawo yake shiga. Akwai wani mai zane a ƙasar Holan, Han van Meegeren, da ya ƙware wajen kwaikwayon Vermeer, shahararren mai zanen ƙasarsu da ya mutu tun 1675. Yakan samo tsohon ƙyallen zane na wancan zamanin, ya kankare shi, ya haɗa fentinsa da wani irin ƙaron roba, ya gasa zanen a tanda har ya yi tauri, ya nannaɗe shi ya tsattsage, ya cike tsagar da tawada don ta yi kama da dattin shekaru. A 1937 aka kai ɗaya wurin Abraham Bredius, dattijon da ya haura shekara 80, wanda maganarsa kan zanen Holan ba a ja da ita. Bredius ya daɗe yana ganin cewa Vermeer ya yi zane-zanen addini da ba a gano su ba tukuna. Van Meegeren ya san haka, sai ya zana masa daidai abin da yake jira. Dattijon ya shaida cewa na Vermeer ne, har ya sa shi a sahun gaba cikin ayyukansa, aka saya aka rataye a gidan tarihi na Rotadam, jama'a suka yi ta tururuwa suna yabawa. Da asiri ya tonu, fenti bai motsa ba, launi bai sauya ba, amma idanun da suka ga gwaninta jiya sai ga shi yau suna ganin fuskoki masu nauyi da hannuwa marasa rai. Ka lura da kyau: gwani aka fara yaudara, kuma ta ƙofar abin da yake so ya zama gaskiya aka shigar masa.

Yadda asirin ya tonu ma darasi ne kan yadda ake auna halin mutum. Ɗaya daga cikin zanen jabun ya faɗa hannun Hermann Göring, na hannun daman Hitila. A 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka kama van Meegeren bisa zargin sayar wa abokan gaba dukiyar ƙasa, laifin da kan iya kai mutum ga kisa. Don ya tsira sai ya ce ai shi ya zana, aka ba shi kayan aiki ya sake zana wani a gaban shaidu. Nan take wanda ake kira maci amana ya koma gwarzo a bakin jama'a, don ya damfari ɗan Nazi. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara 1, ya mutu a watan Disambar shekarar bai fara zaman ba. Amma ai ba Göring kaɗai ya cuta ba, ya cuci 'yan ƙasarsa da gidajen tarihinsu. Mutane sun duba wanda aka cuta ɗin da suka tsana, suka yafe cutar gaba ɗaya. Ina gaya maka wannan ne don ranar da zuciyarka za ta raya maka cewa wannan mai kuɗi ne, ko mai girman kai ne, ba laifi in an ɗan taɓa shi. Algus algus ne, ko a kan wa ya faɗa.

Yanzu ga mai ba da labarin, wato kai. Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton sun nuna a 2006 cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya kalli baƙuwar fuska ya yanke ko mai amana ce. Ƙarin lokaci ba ya sauya hukuncin sosai, sai dai ya ƙara wa mai shi tabbaci a ransa. Akan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen murna da baƙin ciki na yarda, amma ban da amana. Ɗan damfara da fara'arsa da tsabtar tufarsa yake cin abinci.

Wannan yardar ta farko arha gare ta. Mai tsada ita ce wadda ke biyo baya, kuma ba a auna ta yadda ake auna gwaninta. In ka yi haɗin zobe ya ɓalle, mai shi zai dawo da ɓacin rai, ka gyara, ya tafi, gobe ya sake kawo maka aiki. Ya san gwani ma yakan yi kuskure, ya kuma san wanda bai iya ba ba zai taɓa fitar da kyakkyawan aiki ko sau ɗaya ba, don haka da mafi kyawun aikinka yake auna hannunka. A wajen hali kuwa abin juyewa yake yi. Maƙaryaci ma gaskiya yake faɗa a yawancin kwanakinsa, saboda haka gaskiyarka ta yau da kullum ba ta raba ka da shi. Abin da ke raba ku shi ne ƙarya, ko guda ɗaya ce. John Skowronski da Donal Carlston sun bayyana wannan bambancin a bincikensu na 1987, amma duk wanda ya daɗe a sana'a ya gan shi da idonsa.

To ga amsar tambayarka ta biyu. In ka ce na zubi na hannu ne, ka karɓi kuɗin abin da ba ka bayar ba. Ƙarin da ya biya na yinin nan ne na gaban wuta, yinin kuwa bai auku ba. Wannan kaɗai ya isa ya zama cuta, ko da bai taɓa ganewa ba har abada. Ga shi kuma ana ganewa. Wata rana zai kai zoben wurin wani maƙerin a rage masa faɗi, wancan ya sa gilashin ƙara girma ya ga 'yan ƙananan ramukan da zubi kan bari, ya ga inda aka goge bakin mazubi, ya gaya masa. Daga ranar ba hannu ko zubi ne zai dame shi ba. Zai ce wanda ya yi mini ƙarya a kan wannan, ina tabbacin karat 22 ɗin? Zai tuna sarƙar da ya saya bara, da awarwaron da ya aiko ƙanwarsa ta saya, duk su zama abin zargi.

Ɓarnar kuma ba a kanka take tsayawa ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a 1970, da misalin tsofaffin motoci, cewa in masu saye suka kasa raba mai kyau da maras kyau sai su ƙi biyan kuɗin mai kyau, masu kayan kirki su janye, kasuwa ta rage ta 'yan algus. Tsoron haka ne ya sa tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya kafa doka cewa ba a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga musu hatimin kan damisa. Daga 1478 aka riƙa kai kaya zauren ƙungiyar maƙeran zinariya a Landan ana gwadawa a can. Hatimin nan shaidar wani ne da ba shi da riba a cinikin. Inda babu shi, bakinka ne hatimin.

Kada kuma ka raina zubi don ka ɗaga ƙira. Zubi da kakin zuma tsohuwar sana'a ce ta dubban shekaru, akwai siffofin da guduma ba za ta taɓa fitar da su ba. Ka gaya wa mai saye kowanne da sunansa: wannan zubi ne, adonsa ya fi yawa, kuɗin aikinsa ya fi sauƙi, wannan ƙira ce, bugu ya matse ƙarfensa, ya fi jure lanƙwasa. Ka juya masa cikin zoben ya gani da idonsa, ka bar shi ya zaɓa. Kada ka taɓa bin zoben zubi da guduma don ka bar masa tabon da zai sa a zaci na hannu ne. Ko bakinka bai furta komai ba, hannunka ya yi ƙaryar.

Kai ma irin kan nan gare ka, fuska da labari suna aiki a kanka kamar kowa. Ranar da za ka zauna sayen tsohuwar zinariya, mai ƙamshin turare zai zo da labarin gadon kakarsa, wani kuma zai zo a yamutse yana in'ina. Zuciyarka za ta ce ka yarda da na farko ka tsananta wa na biyu. Dukansu dutse ɗaya, asid ɗaya, magagari ɗaya, kuma a gaban idonsu, bayan ka nemi izinin yanka. Wanda ya ƙi yarda a yanka, ka mayar masa da kayansa cikin mutunci. Kada ka saya, kada kuma ka kira shi ɓarawo, don ba ka da shaida a kansa.